Ɗan Mai Ƙanƙara

Ni mai sayar da ƙanƙara ne a Mabera,
shekara sha tara ina saran ruwa da adda.
A garin da rana ke narka kwalta,
hajata tana fara mutuwa a hannun mai saye
tun bai kai ƙofar gida ba.

Ran wata Laraba ɗana Sirajo
ya miƙo mini waya mai fasasshen gilashi:
"Baba, duba."
Na duba. Yara ne sun sha sulke kamar masu fita yaƙi,
da wuƙaƙe a ƙasan takalma,
suna sulɓi bisa fili fari fat,
suna korar wani baƙin abu kamar ƙonanniyar masa.
Ya ce, "Wanga fili duk ƙanƙara ne."
Na ce, "Duka?"
Ya ce, "Duka."
Na yi shiru ina lissafi:
bulo nawa ke nan, man janareta na nawa,
wane mahaukaci ke taka jarinsa da ƙafa?

Shi ba lissafin da yake yi ke nan ba.
Wai a can, in yaro ya iya sandar nan,
jami'a ke biyo shi har gida,
ta biya karatu, ta biya makwanci, ta biya tuwo.

Namu hokin na ƙasa ne, a bayan makaranta,
inda awaki suka riga kowa sanin fili.
Malam Haliru na da sanda goma sha ɗaya,
yara ashirin da shida.
Kafin layi ya zo kan Sirajo
ya saro reshen dogon yaro mai lanƙwasa,
ya naɗe shi da robar tayar keke.
Da shi ya ci ƙwallo uku,
da shi ya bar rabin haƙori a Runjin Sambo.

Wani dare na dawo duba injin,
na iske ya kwarara ruwa a simintin shago,
ya sa safa, yana zamewa daga bango zuwa bango,
hannu a buɗe kamar shamuwa za ta sauka.
Na ɗaga murya zan yi faɗa,
sai aka ɗauke wuta.
Cikin duhu na ji faɗuwarsa, na ji dariyarsa,
na ji jarina yana ɗiga, ɗis, ɗis.

Na je wurin Malam Haliru, na ce kada ya shafa mini mai.
Ya cire usur daga wuya, ya ce:
"Yaron yana da hannu, yana da ido.
Amma cikin ɗari, wataƙila ɗaya,
ɗayan ma sai takardarsa ta yi kyau.
Sanda ba ta cin jarrabawa."

Muka yanke da Sirajo a kan tabarma:
bayan la'asar nasa ne,
bayan isha na littafi.
Uwarsa Ige ta zama shaida,
ko da yake ita haƙorin take kuka.

Jiya ya dawo yana ɗingishi,
ƙauri ya kumbura kamar gorar nono.
Na sari gefen bulo mafi tauri,
wanda na ajiye wa mai kifi,
na naɗe a tsumma na ɗora masa.
Na ce, "Ga taka ƙanƙarar."
Ya cije leɓe, ruwa na bin diddige,
littafin lissafi a buɗe bisa cinya.

Ban san ko zai ga wancan fili da idonsa ba,
ko ma hanyar Dundaye ce iyakarsa,
kuma ba laifi ba ce.
Abin da sana'a ta koya mini kaɗan ne:
abin da ke narkewa ba a tsayawa gardama da rana a kansa.
A lulluɓe shi da buhu, a ɗora a ka,
a yi sauri.